Ni Ne Na Tada Gwaggo

Ku samarin da kuke zuwa garejin nan ranar Asabar, kun ɗauka kanikanci wasa ne. Ku jona wa mota na'ura a ƙarƙashin sitiyari ta faɗa muku inda ciwo yake, ku buga waya a kawo sabon ƙarfe cikin kwali, ku cire tsoho ku sa sabo, ku wanke hannu ku ce kun yi gyara. Mu a wurinmu canji ake kiran wannan. Gyara shi ne a nuna maka motar da aka daina ƙera irinta tun kafin a haife ka, babu kantin da ke sayar da kayanta, waɗanda suka san ta duk sun mutu, a ce maka tada ta. Ni Isufu na yi wannan a Greensboro. Na san kun ji labarin a bakin wasu, kuma a juye kuka ji shi, don haka yau ku saurari wanda ya kwanta ƙarƙashin motar.

A Maraɗi na koyi aiki, bayan tasha, wurin Malam Haruna mai gyaran manyan motoci. Da aka kai ni apranti, wato yaron koyon aiki, na daɗe ban taɓa inji ba. Aikina wanke noti da gazuwal, wato man dizal, cikin rabin jarka, da miƙa kile, abin da 'yan Najeriya ke kira sifana. In ya ce miƙo ta sha bakwai ka miƙa ta sha tara, sai ya ajiye ta a ƙasa ya ci gaba da jira da hannu a buɗe har ka gane da kanka. Shi ya koya mini in ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikin inji in kafa ƙotar a kunnena. Da haka ake jin bawul ɗin da ke ƙara, da fistin da ya fara gajiya. Shi ya koya mini yanka gaskit da hannu: ka shimfiɗa takarda mai kauri a kan ƙarfen, ka bi gefe-gefe da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali har takardar ta yanku daidai da shi. A lokacin ban san cewa waɗannan ne za su ci da ni a Amurka ba.

Da na zo ƙasar nan, canjin taya na fara yi a wani shago. Ranar hutu nakan je filin matattun motoci in ciro wa 'yan'uwa kayan gyara. A can na haɗu da Mista Roy, wani tsohon Bature da ya yi rayuwarsa yana tuƙa bas ɗin cikin gari har ya yi ritaya. Ya same ni ina sauraren wani inji da sukurdireba a kunne. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, “Ka san injin gazuwal na da?”

Na ce, “Shi na sani.”

Ya ɗauke ni a motarsa zuwa gidansa a McLeansville. Bayan gidan akwai fili, a filin kuma bas uku suna tsaye cikin ciyawa. Biyu da sauran rai. Ta ukun ita ce babba, ta shekarun hamsin, mai zagayayyen goshi da ƙananan tagogi, injinta a baya. Tayoyinta sun nutse cikin jar ƙasa. Wani itace mai nannaɗo ya shiga ta ƙofar gaba ya fito ta taga. Mista Roy ya dafa ta ya ce irinta ya fara tuƙawa yana saurayi, kuma yana son ya ji kukanta kafin ya mutu.

Ranar da na buɗe ƙofar injin, rina suka fara tarbata. Sun yi gida a kan lagireto, suka harbe ni a wuya da hannu. Ɓeraye sun cinye wayoyi, sun tara audugar kujeru cikin bututun iska. Injin kansa ya daskare, ko da dogon ƙarfe ba ya juyawa. Wanda bai sani ba sai ya sa ƙarfi, ya karya abin da ba za a sake samu ba. Ni kuwa na cire nozul-nozul masu fesa mai, na zuba mai a kan kowane fistin, na rufe, na tafi gida. Kowane mako in dawo in ƙara mai, in ɗan gwada da ƙarfe, in bari. Hunturu ya shiga ya fita ina haka. Wata safiya na ɗora nauyina a kan ƙarfen sai na ji ya motsa kaɗan, ya yi wani nishi kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Daga nan na sa mata suna Gwaggo. Ku riƙe wannan, ni na sa mata sunan, domin za ku ji wasu suna faɗin sa kamar a gidansu aka raɗa.

Tada irin wannan inji a karon farko akwai haɗari. Akwai wata sanda a ciki da ke auna man da ke shiga. In ta maƙale a buɗe, injin zai yi ta ƙara wuta da kansa, ko ka kashe makulli ba ya ji, har ya tarwatse ya watso ƙarfe. Maganinsa ɗaya, a toshe masa iska. Don haka na yanka katako daidai bakin bututun, na tsaya riƙe da shi, na ce wa Mista Roy ya murɗa. Ta yi tari. Ta sake tari. Farin hayaƙi ya rufe filin har dawakin maƙwabci suka gudu. Sannan ta kama, da wannan kukan nata mai kauri da ake ji a ƙirji. Tsohon ya sauko daga kujerar direba yana share ido da hularsa. Ranar mu biyu ne kawai a filin. Babu mai ɗaukar hoto.

To, inji ya tashi, amma jiki duk tsatsa ne, ni kuwa ba tolye ba ne, wato ba na bugun jikin mota ko fenti. Sai na tuna wani mutumin Gana da muke sallar Juma'a tare, Awudu, ɗan zangon Kumasi. Da ƙafata na je na same shi, da bakina na faɗa masa akwai aiki, a motata na kai shi McLeansville. Ba don ni ba, da har yau ƙofofin taksi yake bugawa.

Ba zan rage masa ba, Awudu ya iya aikinsa. Ya kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, ya yanke inda ya ruɓe ya yi walda, ya goge har ba ka gane mahaɗa ko da yatsa. Ya shafa mata kore a ƙasa, ruwan madara a sama, ya ja siririn layi ja a tsakani ba tare da hannunsa ya girgiza ba. Kujeru ya sake musu fata. Ƙarafan riƙewa ya goge su har kana ganin haƙoranka a ciki. Sai dai shi aikinsa da surutu yake yin sa. Turanci a bakinsa kamar ruwa, ni kuwa Faransanci na taso da shi, Turancina na neman kayan gyara ne. Shi da Mista Roy su yi ta dariya a gaba, ni ina baya kwance a kan kwali ina fama da birki. Birkinta na iska ne, kowane tiyo ya tsufa, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu ina neman inda kumfa ke tashi. Wannan aikin babu wanda zai gan shi sai ranar da bai yi ba.

Awudu yakan leƙo ya ce, da Hausarsa ta zango wadda ba ta raba mace da namiji, “Malam Isufu, fito ka gani, Gwaggo ya yi kyau!”

In ce, “Mace ce.”

Ya ce, “To, shi ɗin dai, ya yi kyau.”

Akwai wani ƙaramin gari kusa da nan da ke taron nuna tsofaffin motoci kowace shekara, lokacin da ganye ya fara ja. Su rufe babban titi, a jera ƙananan motoci na da, da a-kori-kura, da motocin kashe gobara, da taraktoci. Bas-bas su ake kai wa ƙarshen layi kusa da tsohuwar tashar jirgi, saboda girmansu. Shekarar da muka fara kai Gwaggo, mun sami wasu a can, har da wata doguwa mai jikin azurfa da ta taɓa yin tafiyar gari zuwa gari, da wata rawaya ta 'yan makaranta mai dogon hanci. Biyu daga cikinsu a kan tirela aka kawo su, jiki na walƙiya, inji a mace. Tamu da ƙafarta ta zo, Mista Roy na tuƙi, ni ina zaune a kujerar ƙarshe ina sauraren kowane numfashinta.

Da muka tsaya na buɗe ƙofar injin, na goge shi, na tsaya a gefensa da tsumma a kafaɗa. Na zaci masu son mota za su zo su tambaya. Jama'a kuwa gaba suka nufa. Su shafa fenti, su leƙa fuskarsu a jikin fitila, su shiga su zauna a kujera a ɗauke su hoto. Awudu na bakin ƙofa da farar riga, yana miƙa wa tsofaffi hannu su hau. Waɗanda suka zagayo baya 'yan kaɗan ne. Wani mutum ya leƙa ya ce mai na ɗiga. Irin wannan injin haka aka ƙera shi, in ya daina ɗiga to man ya ƙare ne, amma ban sami Turancin faɗa masa ba. Wata mata ta ja ɗanta ta ce kada ya ɓata riga.

Can da rana wata dattijuwa Baƙar Amurka ta zo da jikarta, daga East Greensboro, da sandarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe ba ta hau ba. Sannan ta hau, ta zauna a kujerar farko, wadda ke bayan direba, ta ɗora jakarta a cinya. Na zagayo don in ɗauki ruwa, shi ya sa na ji. Ta ce wa jikar, “Irin wannan nake shiga ina yarinya, ni da mahaifiyata. Amma can baya muke wucewa, inda zafin inji yake, don lokacin ba a barin baƙaƙe su zauna a gaba. Ban taɓa sanin yadda titi yake ta gilashin gaba ba.” Mista Roy ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Da za ta sauka ta tambayi wanda ya gyara motar, sai duk yatsu suka nuna Awudu. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu tana sa masa albarka.

Awudu ya waiga yana nemana. Ya ce, “Ga wanda ya yi injin nan, ɗan'uwana ne!” Amma lokacin jikar ta riga ta juya da ita, ni kuma hannuna duk baƙin mai. Ni ba hassada nake ba. Tambaya kawai nake: kujerar da ta zauna a kai, wa ya kawo ta garin? Fenti ne ya hau da ita tudu?

Da yamma alƙalan taron suka ba Gwaggo kofi. Mai ɗaukar hoton jarida ya ce a tsaya a gaban motar. Awudu ya ƙwala mini kira, har da chale ɗinsu na Gana, wato aboki, “Malam Isufu, zo ka shiga, chale, yi sauri!” Ni kuwa a daidai lokacin na ji iska na tsiyaya a ƙarƙashi, kuma da wannan birkin za mu koma gida da tsoho a kan sitiyari. Kafin in ɗaure tiyon in fito an gama. Hoton ya fito da Mista Roy da Awudu da kofi. In ka duba can gefe, ƙarƙashin tayar baya, za ka ga takalma biyu. Nawa ne.

Bayan wannan hoton masu kuɗin Summerfield, wani gari a nan kusa, suka san Awudu. Mutanen da ke da dawaki da tsofaffin motocin kakanninsu a rumbu suka riƙa kiransa. Ya buɗe wurinsa, ya gina babbar rumfa mai rufin kwano. Irin waɗannan masu mota, su zo su tsaya su yi ta yaba launi, su kawo wa mai fenti kek. Mu kanikawa namu daban ne. Mutum ya zo maka a fusace don motarsa ta tsaya, ya tafi ba godiya don a ganinsa dama haka ya kamata ta yi tafiya. In ta sake lalacewa bayan shekara a wani wuri dabam, ya dawo ya ce tun da ka taɓa ta ba ta sake lafiya ba. Awudu yana turo mini aikin inji daga wurinsa, ban ce bai turo ba. Amma in motar ta fita, sai ka ji ana cewa aikin Awudu ne.

Sai muguwar shekara ta zo, dubu biyu da takwas. Mai ya yi tsada, masana'antu suka riƙa sallamar mutane, 'yan'uwanmu da yawa suka koma zaman gida. Kowa ya daina gyara, mota na ƙara a ci gaba da tuƙa ta a haka. Wata rana in buɗe gareji in share in rufe ban taɓa kile ba. Cikin wannan hali Mista Roy ya sami shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsa ta zo daga wata jiha ta ce za a sayar da gidan a kai shi kusa da ita. Bas ɗaya wani ya saya ya yanke gefenta ya mai da ita wurin sayar da abinci. Ɗayar babu wanda ya taya, aka ja ta zuwa inda ake narka ƙarfe. Injin wannan ma ni na gyara shi, lafiyarsa lau aka kai shi wuta.

Saura Gwaggo. Mista Roy ya sa aka kira mu mu biyu. Muka same shi a barandar gidan cikin keken marasa lafiya, bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, “Isufu, kayan aikina duka naka ne. Akwatunan nan, da jak, da komai.” Sannan ya juya ya ce, “Awudu, ka ɗauki motar. Kana da rumfa. Ba na son ruwa ya sake dukanta.”

Gaskiya ya faɗa. Ni a bene nake haya, garejina kuwa ko rabinta ba zai ɗauka ba. Na yi godiya. Kayan aiki ne masu kyau, ƙarfe na da, ga su nan kuna ɗauka kuna yar da su a ƙasa. Na loda su a mota. Awudu ya biyo ni har bakin ƙofa.

Ya ce, “Malam Isufu, Gwaggo namu ne mu biyu. Wurina kawai zai kwana.”

Na ce, “An ba ka, ka riƙe.”

“Haba, Malam. Ni ko baƙin mai ban san inda ake zuba masa ba.”

“Za ka koya.”

Da lokacin taro ya matso a shekara ta gaba, ya kira ni ya ce in zo in duba ta. Na ce aiki ya yi mini yawa. Ya sake kira, na ce bayana na ciwo. Ya aiko matarsa wurin matata da waken Gana da kifi, muka ci, ban je ba. Daga nan ya daina kira. Wata Juma'a bayan salla na ji ana cewa ya samo wani ɗan Meziko mai gyaran tireloli. Na faɗa wa duk wanda ke wurin cewa wannan injin ba ya karɓar baƙon hannu, kuma su jira su ga yadda za a kai ta taro a kan tirela.

Ranar taron na ce wa matata zan je neman kayan gyara. Na ajiye motata nesa, na shiga cikin jama'a na tsaya bayan wani mai sayar da masara. Tun kafin in gan ta na ji ta. Ta ɓullo daga kwanar tashar jirgi da ƙafarta, Awudu a kan sitiyari. Na kasa kunne ina jiran tari, ko ƙarar bawul, ko tsiyayar iska. Ta zo ta wuce ni, ta tsaya, birki ya yi ajiyar zuciya yadda ya kamata. Ɗan Mezikon ya sauko ta baya, wani gajere mai furfura, da tsumma a kafaɗa. Ya buɗe ƙofar injin ya tsaya a gefe, daidai inda nake tsayawa. Shi ma babu wanda ya je wurinsa.

Awudu ne ya hango ni. Ya bar mutanen da ke gaishe shi ya ratso titi, ya kama hannuna ya ja ni. A shekarar an ba su izini su riƙa zagayawa da jama'a cikin gari. Ya ce in zauna a gaba. Na wuce kujerar ƙarshe, saman injin, na cire takalmi ɗaya na ɗora tafin ƙafata a ƙasa don in ji ta sosai. Muka hau tudun coci, muka gangara ta gaban makaranta, muka tsaya a danja, muka sake tashi. Duk hanyar nema nake. Ɗan Mezikon ya gyara bawul daidai. Ya canja wani tiyo da na daɗe ina cewa zan canja. Ko hayaƙinta ya ragu. Da ta yi tari ko sau ɗaya, da na ci abincin rana da daɗi.

Muka dawo, kowa ya sauka, na sa takalmina na fito a ƙarshe. Awudu na jirana a bakin ƙofa, fuskarsa cike da murna.

Ya ce, “To, Malam Isufu, yaya ka ji shi?”

Na dube ta daga goshi har baya. Na ce, “Fentin gefen hagu ya fara dusashewa.”

Murmushinsa ya ɗauke. Ya zagaya da sauri, ya durƙusa, ya shafa, ya ja da baya, ya kare ido da hannu yana dubawa. Har na kai bakin titi yana can yana nema. Kuma gaskiya na faɗa. In mutum ya tsaya daidai inda rana ke bugawa, ya karkata kai, ya ƙura ido sosai, zai gani.